Goyon Tambuwal, Goyon Kebbe

Ƙanwata ce ta matsa mini. Rabona da gidanta da ke Tambuwal tun ranar suna, ga shi har an yaye yaron, zumunci ya koma na waya. Ranar da ta ce, "Yaya, ko dai Kano ce ba ta barin mutum ya fita?" na san maganar ta kai inda ƙafa kaɗai za ta amsa ta. Farkon watan Satumba na kwana a Sakkwato, washegari bayan azahar na shiga ƙaramar mota mai zuwa Jega, mu huɗu a baya, jakata a cinya, ledar tsaraba a tsakanin ƙafafu.

Tafiyar ta kusa kilomita 100, kuma wani dattijo da ke gidan gaba ya ɗauki nauyin yi mana bayanin hanya ba tare da an roƙe shi ba. Boɗinga ta Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Sifawa, inda Shehu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Shagari, garin shugaban ƙasa na 1979 zuwa 1983. Dogon Daji, inda aka haifi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1923. Ni dai idona na kan gonaki: gero ya nuna, wasu har sun fara kwantar da shi, dawa kuwa tana tsaye tana jiran kaka. Tambuwal ɗin kanta Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne ya yi zaman ribaɗi a cikinta, amma yau in ka ambace ta a Kano, Aminu Waziri ake tunawa, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal tun 2003, ya zama kakakin majalisar wakilai a 2011, ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023. Dattijon ya sauka kafin mu iso, ni kuma na hau babur zuwa gidan.

Masu gidan duk ba su dawo ba. Wata dattijuwa siririya na tarar a tsakar gida, za ta haura hamsin, tana kwashe shanya da goyo a bayanta.

"Maraba da Hajiya! Kun zaka lahiya? Maigida, ga innarka ta Kano, ɗaga kai ka gaishe ta."

Maigidan ya leƙo ta gefen kafaɗarta, ya ƙare mini kallo, ya mayar da fuska ya cusa a bayanta. Watansa 21. Sunan kakansa na wajen uba ya ci, ga shi kuma ɗan fari, don haka babu mai kiran sunansa a gidan. Uwar "yaron nan" take cewa, dattijuwar kuwa, wadda kowa ke kira Inna, ta mayar da shi mijinta irin na wasan jika da kaka, alhali ba su haɗa jini ba. Mai raino ce, ana biyan ta wata-wata, a ɗaki guda take kwana da shi tun da aka cire shi daga nono.

Ƙanwata ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kebbe. (Mutanen Kano sukan ɗauka Kebbi ake nufi. Ba ita ba ce. Jihar Kebbi an fitar da ita daga Sakkwato a 1991. Kebbe kuwa ƙaramar hukuma ce a kudancin jihar Sakkwato, tana iyaka da Kebbi ɗin da kuma Zamfara.) Mijinta malamin makaranta ne. Hutun haihuwa ya ƙare tun yaron bai iya zama ba, ta yi wata da watanni tana goya shi zuwa wurin aiki, a kan babur, cikin ƙura, ta kwantar da shi a ɗakin da masu tari da masu ƙyanda ke shiga. Mahaifiyarmu tana Kano, surukarta ba ta da ƙoshin lafiya. Wata maƙwabciya ce ta kawo Inna.

Na yi niyyar in huta a kwana na biyu, sai na tsinci kaina ina bin Inna da ido tun asuba. Kafin kiran salla na biyu ta hura wuta ta ɗora ruwa. Ta yi salla, ta dama koko. Ƙanwata ta fito da shirinta, ta leƙa gidan sauro ta shafa kan yaron yana barci, ta fice a hankali kamar ɓarauniya, don in ya farka ya ga fitarta, kukan sai ya kai hantsi. Ban ji daɗin ganin wannan ba, amma ban ce komai ba. Ni ma na yi irinsa a zamanina.

Yana buɗe ido Inna ba ta jira komai ba. Ta zauna a kan kujerar tsuguno a bayan ɗaki, ta miƙe ƙafafu, ta haɗa dugadugai, ta ɗora shi a kan ƙafafun yana fuskantar ta, ta riƙe masa hannu biyu tana yi masa hira. Akwai fo na roba a gidan, ƙanwata ta sayo a Sakkwato, yaron ya mayar da shi hula. A kan ƙafar Inna kaɗai yake yi, kuma ta san lokacinsa kamar mai duba agogo. Kunzugun zamani da ake sayarwa a kanti sai za a yi tafiya ake sa masa. Da na lissafa kuɗin da wannan dabara kaɗai ke rage wa gidan a wata, na ga ta biya wani sashe na albashinta da ƙafafunta.

Sai wanka, da ruwan ɗumi da sabulun salo, ya yi ta zillo tana tare shi da gwiwa. Ta shafe shi da man kaɗe. Ta naɗe ɗan tsumma mai tsabta a yatsa, ta tsoma a ruwan gishiri, ta goge masa haƙora da dasashi. Wannan umarnin ƙanwata ne, kuma ba ta wasa da shi, domin ta taɓa tura yara asibitin cutar noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999. Cutar daga ɗan gyambon dasashi take farawa a bakin yaron da ba ya samun abinci mai kyau, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. Wanda ya ga irin wannan sau ɗaya ba zai ƙara raina goge bakin yaro ba.

Wurin abinci ne na ga inda Inna da uwar ɗakinta suka sha bamban. Kunun da ake dama masa na garin haɗi ne, gero da waken suya da gyaɗa, an soya an niƙa tare. Yaron ya sha cokali uku ya kawar da kai. Inna ta bi shi ƙofar ɗaki, ta bi shi gindin darbejiya, ta ce cokalin mota ce za ta Jega, ta yi kamar za ta ba akuya, ya yi ihu ya karɓe. Kusan rabin sa'a kafin kofin ya ƙare.

"Da can da tuni an gama," in ji ta. "Kwantar da shi za ni yi ga cinya in tara hannu ga bakinai in ɗura mai. Malama ta hana. Ta ce kunu na bin hanyar iska shi shiga huhu."

Na ce, "To Inna, ke me kika gani?"

Ta yi shiru tana ɗauraye kofin. "Bakwai na haihwa, Hajiya, huɗu sun rayu. Duk ɗura na yi musu. Allah shi ya san abin da ya ɗauki ukun." Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Amma ko bayan idon uwar ba ta yi masa ɗura, kuma wannan ita ce amanar da ba a iya sayen ta. Gaskiyar tana wajen ƙanwata: yaron da aka toshe wa numfashi yana kuka aka zuba masa kunu, yana iya shaƙe shi ya zame masa ciwon huhu.

Daga hantsi zuwa azahar aiki guda ne, tsaro. Yaro mai wata 21 ba ya tafiya, gudu yake yi, kuma duk inda haɗari yake can ya nufa. A gidan akwai rijiya, akwai murhu, akwai randa, akwai tunkiya mai jego da ba ta son wasa, ga ƙofar zaure da almajirai ke bari a buɗe. Inna tana wanki, tana tsintar shinkafa, tana jajjage, amma ban ga ta ba shi baya na minti guda ba. In aikin na wuta ne sai ta goya shi. Yadda take yi ma abin kallo ne: ta kama shi ta damtse guda, ta ɗan sunkuya, ta wurga shi baya, shi kuma ya manne kamar ƙadangare a bango, ta yafa zane, ta soke sama, ta gyara masa ƙafafu, ta soke ƙasa, ta kawo majanyi ta ɗaure. Kafin ka ce kwabo an gama. Na karɓe shi na gwada, ya sandare ya yi ta tsala ihu har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya.

Wajen sha biyu ƙanwata ta kira. Kullum sai ta kira. Inna ta kara masa wayar a kunne, ya yi gwarancinsa, ya nemi ƙwace ta don ya san akwai 'yan tsana masu rawa a cikin ta ubansa. Inna ba ta son wannan. Ta ce yaron da ke kallon waya ba ya jin kira. Ita nata kayan wasan murfin kwano ne da ludayi da gwangwanin madara mai tsakuwa a ciki, an toshe bakinsa. Bayan ya ci ɗan tuwon shinkafa da miyar kuka ta goya shi tana zagaya tsakar gida tana rera masa waƙa ƙasa-ƙasa har ya yi laushi. Sannan ta yi azahar, ta ci nata abincin da ya riga ya huce. Wannan sa'a guda da rabi da yake barci ita ce hutunta, kuma a cikinta take ninke kaya.

Ranar ce kuma masu rabon maganin damina suka shigo, mata biyu da jaka da alli. Magani ne na kare yara daga zazzaɓin cizon sauro, ana ba 'yan wata 3 zuwa wata 59, wata-wata a tsawon damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, aka fara rabon a jihar Sakkwato a 2015. Ƙa'idarsa kwana uku: na farko a gaban masu rabo, a jira rabin sa'a, in ya amayar a sake; na biyu da na uku a hannun mai kula da yaro. Nan ne shirin yake tsayawa ko ya faɗi, a hannun mata irin Inna waɗanda ba a ambata a taron ƙaddamarwa. Ba ta iya karanta katin ba. Abin da ta yi, ta ɗauki sauran ƙwayoyin biyu ta sa a cikin ƙullin da take ajiye carbinta, a saman taga inda hannunsa ba ya kaiwa. "In na ɗauki tazbaha da sahe, zan gan su." Ba ta tsallake ko ɗaya ba, ina nan aka ba shi duka.

Da daddare, bayan yaro ya kwanta, na tambayi ƙanwata nawa take biyan ta. Ta faɗa mini, ta kawar da kai. Ba zan rubuta adadin ba, amma bai kama ƙafar naira 70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a watan Yulin 2024 ba. Ta ce, "Yaya, ai ci da sha da sabulu da ɗinkin salla duk a kaina suke. Ni nawa nake ɗauka? Kuɗin mota kaɗai tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya cinye ni." Ba ƙarya ta yi ba. Doka ma ba ta kama ta ba, don dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Akwai yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 2011 kan masu aikin gida, mai lamba 189, wadda ta ce a ba su hutun sa'a 24 a jere kowane mako. Afirka ta Kudu da Gini sun amince da ita. Inna ba ta taɓa jin labarinta ba. Na tambayi ranar hutunta, ƙanwata ta dube ni kamar na yi wani yare.

Ina ganin abin da ya rikita mu shi ne, raino bai taso a wurinmu a matsayin sana'a ba. Aikin kaka ne da gwaggo da abokiyar zama. Yaye ma gidan kaka ake kai yaro. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan da dangi suka ba ta ta girmar da su, ba wanda ya yi zancen lada sai na Allah. Yanzu gidan ya rabu, aiki ya kai kowa garin da ba nasa ba, muka ɗauko bare muka ce mata Inna. Sunan yana da daɗi, yana kuma da sauƙi ga aljihunmu, domin uwa ba ta da lokacin tashi daga aiki. Alhali mun san Halimatus Sa'adiyya da matan Banu Sa'ad don lada suka zo Makka neman jariran shayarwa, kuma wannan bai rage mata daraja ba ko kaɗan.

A kwana na huɗu na bi ƙanwata Kebbe. Inna ta ba ni saƙo: sabulu sanda biyu, ɗan garin kunu da ƙanwata ta ɗebar mata, da kuɗi a ƙulle a bakin tsumma, in kai wa 'yarta. A hanya na ji sauran labarin Inna. Mijinta ya rasu, ƙauyensu kuma na gefen daji ne, inda 'yan bindiga suka hana mutane barci, sai iyalin suka taso suka raɓe a gidan dangi a cikin gari. Direbanmu ma abin da yake ta nanatawa ke nan, a gama da wuri, shi ba ya kai magariba a hanya. Ƙasar kuwa ga albarka. Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya nufi Jega, ya shimfiɗa mata fadama, shinkafa ta yi kore shar har inda ido ya tsaya.

'Yar Inna ba ta gida, tana fadama wurin ƙwadago a gonar shinkafar wani. Mijinta ya tafi neman kuɗi kudu. Wadda ta amsa sallamata yarinya ce da ba za ta wuce shekara tara ba, da goyon ƙanenta, wanda zai yi sa'a da namu Maigidan. Ƙafafunsa na dukan bayan gwiwoyinta. Ta karkace ta tura ƙugu gefe guda don ta iya ɗaukar nauyin, majanyin kuwa tsohon ɗankwali ne. Ta durƙusa da goyon ta gaishe ni.

"Ina Inna? Tana lahiya? Yaushe za ta zaka?"

Na ce tana gaishe ku. Na tambaye ta me ya ci yau, ta ce hura. Jiya fa? Hura, da tuwo da dare. Na tambayi makaranta, ta ce tana zuwa ta allo in innarta ta dawo da wuri. Ta boko kuwa ta fara a ƙauye, aji biyu. Tana magana tana jijjiga shi, tana kore masa ƙuda da gefen mayafi, tana tare shi daga kaskon wuta da ƙafa, sak yadda kakarta ke yi a Tambuwal. Hannun guda ne, sai dai wannan hannun bai gama girma ba.

Gashin yaron ya yi ja-ja ya yi laushi, abin bai kwanta mini ba, na ce ta biyo ni asibiti. Ƙanwata ta ɗauko ɗan ma'aunin nan mai launi uku ta zagaya masa a damtse. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, wadda ake ba wa maganin gyaɗar nan na cikin leda, irin wanda aka ceci dubban yara da shi a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya. Nasa a rawaya ya tsaya. Ƙanwata ta duƙa tana yi wa yarinyar bayanin yadda za a dama garin, sau nawa a rana, a wanke hannu, a dawo bayan mako biyu. Yarinyar tana gyaɗa kai tana maimaitawa, ba ta manta ko ɗaya ba. Kai irin wannan a aji ya kamata a same shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, jihar Sakkwato ma ta yi dokar kare yara a 2021. To amma in ta tafi aji, wa zai goyi yaron? Wadda ta fi cancanta tana Tambuwal tana bin ɗan ƙanwata da cokali.

A motar dawowa ba mu yi magana ba sai da muka hango fitilun gari. Ƙanwata ce ta fara. Ta ce ta san Inna na da jikoki, ba ta taɓa tambayar wa ke riƙe da su ba. Ban ga laifinta ita kaɗai ba, don ni ma na yi masu aiki a Kano, ban tambaya ba. Abin da na gaya mata shi ne, ta yi daidai da ta ɗauki babba ba ta ɗauko 'yar ƙauye mai shekara goma ba, kamar yadda gidaje da yawa ke yi a birni; amma babba da iyali take tafe, kuma kuɗin da ake ba ta baki nawa ne ke jiran sa.

Inna na zaune a kan tabarma, Maigida ya yi barci a cinyarta. Na isar da gaisuwa, na faɗa mata abin da ma'auni ya nuna. Ba ta ɗaga kai ba, ta ci gaba da shafa bayan yaron. Can ta ce, "Allah shi kyauta."

Kafin in taho an yi magana uku a gabana, da mijin ƙanwata a zaune. Za a ƙara mata kuɗi, ba da yawa ba. Duk garin kunun da za a niƙa, za a niƙa da na jikanta, ƙanwata ta riƙa kaiwa. Kuma kowace Asabar ta biyu Inna za ta je Kebbe ta kwana, uwar ta goyi ɗanta da kanta.

Ranar Litinin na fito neman motar Sakkwato. Makarantu sun koma, titin Tambuwal ya cika da yara masu fararen hijabai da jakunkuna. Da na kira ƙanwata bayan mako biyu, ta ce an dawo da yaron awo, damtsen ya ɗan motsa. Yayarsa ce ta goyo shi, da hantsi, lokacin da ake cikin aji.